Raƙumin Dawan Malindi Ba Shi Ne Dukan Labarin Ba

Duk lokacin da aka yi taron zumuncin Sin da Afirka, sai an ciro sunan Zheng He an kaɗe masa ƙura. A ce mana ga jarumin daular Ming da ya zo gaɓar Afirka tun kafin Turawa, ya yi ciniki, ya koma gida ba tare da ya ƙwaci ko taki ɗaya na ƙasa ba. Mu kuma da muka ji Musulmi ne, sai mu yi ta tura labarin a waya muna kabbara. Ni dai na ce a dakata, zuma da zaƙi take, da harbi kuma.

Gaskiya ne tsakanin 1405 da 1433 ya jagoranci tafiye-tafiye bakwai a teku, jiragensa sun kai Mogadishu da Malindi. Gaskiya ne a 1415 an kai wa Sarki Yongle raƙumin dawa daga Malindi, fadawa suka ce dabbar albarka ce da ke bayyana a zamanin adalin sarki. Amma wane ɗan kasuwa ne ke fita fatauci da mutum kusan 27,000, akasarinsu sojoji?

A 1407, a Palembang ta tsibirin Sumatra, rundunarsa ta murƙushe Chen Zuyi, wanda fadar Ming ta kira ɗan fashin teku. Littattafan fadar da kansu sun ce an kashe mutum fiye da 5,000, shi kuma aka kai shi Nanjing aka kashe. A 1411 Zheng He ya kama Alakeshvara, mai mulki a Siri Lanka, ya tasa ƙeyarsa har Sin. An yi masa afuwa daga baya, amma mulkin wani aka ba. A daidai wannan zamanin sojojin Yongle suna mamaye da Biyetnam, sai da Le Loi ya yi shekara goma yana yaƙi kafin su fice.

Shi kansa Zheng He fa? Sunansa na yanka Ma He, ɗan Musulmin Yunnan. Da rundunar Ming ta shiga yankin a 1381, aka kama shi yana yaro, aka dandaƙe shi, aka mai da shi baban fada. Masu alfahari da Musuluncinsa ba su cika kaiwa nan ba.

Wani zai ce ai Ming ba ta yi abin da Fotugal ta yi a gaɓar Afirka ba. Na yarda, ba ta gina ganuwa a Mombasa ba, ba ta zauna ta mallake ba. Abin da take nema mubaya'a ce: ka aiko da gaisuwa, ka amsa cewa sarkin Sin ne babba, a ba ka alharini da hatimi. Ka ƙi, ka ga abin da Alakeshvara ya gani. Wanda ya duƙa ya gaishe ka yana kallon takobinka, ba za a ce ƙauna ce ta duƙar da shi ba.

Ba ƙin Sinawa nake ba, kowace daula tana yi wa tarihinta kwalliya, Ingila ma ta yi. Laifin namu ne idan muka karɓi rabin labari daga bakin wanda za mu zauna da shi a teburin bashi da kwangila. In za mu ba yaranmu labarin raƙumin dawan Malindi, mu haɗa musu da na Palembang da Siri Lanka, su yi hukunci da kansu.