A Nuna wa Ɗalibi Abin da Ke Cikin Layin

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilmin sinadarai a sakandare ya san yadda ake zana ruwa a allo: harafin O a tsakiya, H biyu a gefe, sa'an nan a ja ɗan layi daga kowane H zuwa O. Malami ya ce layin nan shi ne ɗaurin da ya haɗa ƙwayoyin zarra, ɗalibi ya kwafa, ya haddace, ya ci jarrabawa. Idan ya iso jami'a aka tambaye shi abin da ke cikin layin, sai ya yi tsuru-tsuru. Laifin kuwa ba nasa ba ne. An ba shi alama, ba a taɓa nuna masa abin da alamar take wakilta ba, alhali masana sun daɗe da samun hanyar nuna shi.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, layin ya girmi ilektiron. Archibald Couper, mutumin Sikotilan, ya fara jan layuka tsakanin alamun sinadarai a 1858, ba a kuwa gano ilektiron ba sai a 1897, a hannun J. J. Thomson. Wato an yi kusan shekara 40 ana jan layin ba tare da an san abin da ke riƙe da zarra biyu ba. Sai a 1916 Gilbert Lewis na Amurka ya ce layi ɗaya yana nufin ilektiron biyu da zarra biyu suka yi tarayya a kansu. Shekara goma bayan haka lissafin Erwin Schrödinger da fassarar da Max Born ya yi masa suka nuna cewa ba za a iya cewa ga takamaiman inda ilektiron yake ba. Abin da za a iya sani shi ne inda ya fi yiwuwa a same shi. Wannan shi ake kira cunkoson ilektiron.

Alal misali, a ɗauki rijiya a bayan gari da rani. Wanda ya zo bayan garke ya tafi ba zai ga saniya ko ɗaya ba, amma ƙasa za ta gaya masa labari: bakin rijiya ya sha tattaki, sawu kuma yana raguwa gwargwadon nisa, babu wata iyaka da za a ce nan ya ƙare. Idan rijiyoyi biyu ne kusa da juna, tsakaninsu zai fi sauran fili tattakuwa. To haka cunkoson ilektiron yake, ya yi kauri a cibiyar kowace zarra, ya taru a tsakani, cibiyoyin biyu kuma kowace tana jan wannan abin da ya taru. Misalin yana da iyaka, domin saniya tana da hanyar da ta bi, ilektiron kuwa ba a iya sa masa hanya.

Ana auna wannan cunkoso, ba hasashe ba ne. Tun 1912 Max von Laue ya gano cewa hasken eksire yana warwatsuwa idan ya ratsa kiristal, William Bragg da ɗansa Lawrence kuma suka mayar da wannan hanyar gano tsarin sinadarai. Abin lura shi ne, ilektiron ne ke warwatsa hasken, ba cibiyar zarra ba. Saboda haka abin da masani ke samu bayan lissafi taswira ce ta cunkoson ilektiron, mai zagayayyun layuka irin na taswirar duwatsu a darasin labarin ƙasa. 'Yan ƙwallaye da sanduna da ake gani a littafi daga baya ake ɗora su a kanta. Haidurojin ma ya ba da shaida mai daɗi: ilektiron ɗaya tak gare shi, idan kuma aka auna nisansa da kabon da eksire, sai a samu ya gaza nisan gaskiya da kimanin fikomita 10, domin ilektiron ɗin nasa ya karkata zuwa cikin ɗaurin. Fikomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na mita.

Inda layi ya fi ruɗar ɗalibai shi ne sinadarin benzin. Ana zana shi da zobe mai kabon shida, layi ɗaya na bin layi biyu, ɗalibai da yawa kuma su tafi da zaton cewa yana ta sauyawa ne tsakanin siffa biyu. A 1929 Kathleen Lonsdale ta nuna da eksire cewa zoben a shimfiɗe yake. Awo ya tabbatar da cewa dukan ɗauri shida tsawonsu ɗaya, fikomita 139, wato tsakanin 154 na ɗauri guda da 134 na ɗauri biyu. Ilektiron shida sun bazu ne daidai wa daida a sama da ƙasan zoben. Taswira ɗaya ta isa ta warware abin da ake ɓata darasi biyu ana kewaye-kewaye a kansa.

Ɗalibin ilmin halittu da na likitanci su suka fi kowa asara. Lokacin yaƙin duniya na biyu manyan masana sinadarai sun yi ta jayayya kan tsarin maganin fenisilin, har Dorothy Hodgkin ta Jami'ar Oksfod ta raba gardama a 1945 da taswirar ilektiron: akwai ɗan zobe mai kusurwa huɗu, kabon uku da naiturojin ɗaya. Matsin da ke cikin zoben nan yana hana ilektiron na naiturojin bazuwa yadda suka saba, ɗaya daga cikin kabon ɗin ya zauna da ƙarancinsu. Nan ne sinadarin da ƙwayar cuta ke gina bangonta da shi yake kamawa ya maƙale, bango ya kasa ginuwa, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin cuta da yawa da suka bijire wa maganin kuwa wannan zoben suke tsinkewa kafin ya yi aiki.

Haka batun ciwon sikila, wanda Nijeriya ke cikin ƙasashen da aka fi haihuwar yara da shi. Vernon Ingram ya nuna a Kambirij, a 1956 da 1957, cewa bambancin sinadarin himogulobin na mai sikila da na mai lafiya tubali ɗaya ne: a gurbi na 6 na sarƙar beta, mai tubali 146, balin ya maye gurbin gulutamik asid. A zanen layuka wannan ƙaramin abu ne. To amma gulutamik asid yana ƙarewa da oksijin biyu da suka tara ilektiron, don haka yana jituwa da ruwa. Balin kuwa kabon ne da haidurojin a reshensa, ilektiron sun rabu kusan daidai, yana gudun ruwa. Da zarar himogulobin ya saki oksijin, sai balin ya cusa kansa cikin wani lungu na maƙwabcinsa, su yi ta jeruwa kamar zare har su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Wanda bai san rabon ilektiron ba sai dai ya haddace wannan, ba zai fahimce shi ba.

Wasu malamai za su ce abin ya yi wa 'yan shekarar farko nauyi, ga shi babu na'ura. Hujjar farko ba ta da ƙarfi, tunda yaron da ya karanta taswirar tsauni a sakandare zai karanta wannan. Ta biyun ma zamani ya wuce ta. Rumbun tsarin furotin na duniya, wanda aka buɗe a Amurka a 1971 da tsari bakwai kacal, yanzu yana ɗauke da fiye da 200,000, kyauta ne ga duk mai intanet, kuma da yawansu ana iya duba taswirarsu a kwamfuta. Ba a ce a jefar da layi ba, domin babu abin da ya kai shi sauƙin rubutawa. A dai nuna taswirar tun farko, layin ya biyo baya a matsayin taƙaitawa.

Sai dai akwai gargaɗi, don hoto mai kyau ma yana yaudara. A 1999 wasu masana na Jami'ar Jihar Arizona suka buga bincikensu kan wani ma'adini na jan ƙarfe da oksijin a mujallar Nature, aka yi ta yayata cewa an ga obital ido da ido, wato siffofin nan na littafi, wannan karon mai kama da kalangu da zobe a ƙugu. Masana irin su Eric Scerri suka ja hankali cewa obital kayan lissafi ne, ba a auna shi. Abin da aka samu shi ne ragowar cunkoso bayan an ɗebe wanda lissafi ya ce zarra za su kasance da shi. Haka kuma a 2009 masu bincike na kamfanin IBM a Zurik suka fito da hoton sinadarin fentasin, zobbansa biyar a jere ɓaro-ɓaro, ta hanyar lalube shi da tsinin allura. Wannan nasara ce ta gaske. Amma da aka fara ganin siraran layuka tsakanin sinadarai maƙwabta aka ce ɗauri ne, sai wani bincike na 2014 ya nuna cewa lanƙwasar tsinin allurar tana iya zana layi a inda babu ɗauri ko kaɗan.

Don haka malamin da zai kawo waɗannan hotuna aji ya zo da bayaninsu. Ya faɗa wa ɗalibai ko awo ne ko kuwa lissafin kwamfuta, ya kuma faɗa musu cewa launin ja da shuɗi mai zane ne ya zaɓa. Gefen nan mai santsi da ake yi wa gajimaren ilektiron ma yanke shi aka yi, sau da yawa a inda ya ƙunshi kashi 90 cikin 100 na cunkoson, sauran kashi 10 suna waje.