Haraji Ya Bi Samu, Ba Kai Ba

'Yan'uwa na Madawa, Buza da Kaita, a karanta wannan cikin kowane reshe ran kasuwa.

A 1965 Nijar da Faransa suka sa hannu ga yarjejeniya, wai kada a karɓi haraji sau biyu bisa samu guda. Magana mai daɗi ga takarda. Amma wa ya ci moriyarta? Mai kamfani da ke zaune Paris, riba tana iske shi daga ƙasarmu. A Disamba 2023 Nijar ta ce ta soke ta, Mali ma ta soke tata. Mun yarda. Baƙon da ya samu dukiya nan, ya biya nan, ko ina yake kwana.

To, mudun awo guda ne. Ɗan Adar da ya tafi cin rani Abijan ko Kano, can yake biyan kuɗin kasuwa. Zamanin Nasara sunansa na bisa takardar gida, tsohonsa ya sai da akuya ya biya mishi lanho. Kada wannan zalunci ya komo da sabon suna.

Kowane reshe ya ƙidaya mutanensa da ke waje, ya tsaya musu. Gumi guda, haraji guda!