Malamin Ƙaramar Sakandare Da Na'urar Da Ke Amsa Tambaya

Tun daga ƙarshen shekarar 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, watau manhajar nan da ke amsa tambaya ta kuma tsara rubutu kamar ɗan Adam, ake ta raɗe-raɗin cewa kwanan aikin malanta ya kusa ƙarewa. Waɗanda maganar ta fi taɓawa su ne malaman da ke tsakanin firamare da babbar sakandare, matakin da dattawa za su kwatanta da midil, yau kuwa ake kira ƙaramar sakandare. Dalili shi ne darussansu, irin su lissafin ɓangarori da nahawun Turanci da farkon kimiyya, ba sa yi wa wannan ƙirƙirarriyar basira wuya ko kaɗan.

Ƙasar da ta gwada abin gadan-gadan ita ce Koriya ta Kudu. A watan Maris na 2025 ma'aikatar ilmi ta ƙasar ta shigar da littattafan karatu na kwamfuta masu aiki da ƙirƙirarriyar basira a wasu azuzuwa, har da ajin farko na midil, a darussan lissafi da Turanci da ilmin kwamfuta. An yi alkawari kowane yaro zai sami aiki daidai ƙarfinsa, malami kuma zai huta da jan biro. Tun kafin a fara, iyaye fiye da 50,000 suka sa hannu a takardar koke, suna cewa 'ya'yansu sun riga sun daɗe gaban allon waya. Da aka fara kuwa, malamai da yawa suka koka cewa aiki ƙaruwa ya yi: ga koyarwa, ga gyaran na'urar da ta ƙi buɗewa, ga sa ido kan yaron da ya sulale zuwa wani abu dabam. Ba a ci shekara ba, a watan Agusta na 2025, majalisar dokokin ƙasar ta tuɓe wa littattafan matsayinsu, ta mai da su kayan taimako waɗanda makaranta ke da zaɓin ɗauka ko bari. Wannan fa a ƙasar da wutar lantarki da intanet ba abin damuwa ba ne.

Amma kuskure ne a ɗauka na'urar ba ta da amfani. A shekarar 2024 Bankin Duniya ya yi wani gwaji a birnin Benin na Jihar Edo, inda 'yan ajin farko na babbar sakandare suka yi mako 6 suna koyon Turanci da irin wannan manhaja bayan an tashi makaranta. Da aka yi jarrabawa sun tsere wa takwarorinsu da ba su shiga ba. Abin da masu yayata labarin kan manta shi ne malamai na cikin ɗakin. Su ke buɗe darasi, su ke nuna wa yara yadda za su yi tambaya, su ne kuma ke faɗakar da su cewa na'urar takan shara ƙarya ba tare da ko gezau ba.

To, ina haɗarin yake? Ba lalle ne a sallami malami ba, ana iya barinsa a aji a rage masa daraja. A birnin Austin na Jihar Texas akwai makarantar kuɗi mai suna Alpha, inda yara kan yi awa 2 a rana suna karatu da manhaja, manyan da ke tare da su kuwa ba a kiransu malamai, jagorori ake ce musu. Can makarantar masu hali ce. Ranar da mai makarantar da ke neman rage albashi ya kwaikwayi tsarin, zai ga ba shi da bukatar mai takardar NCE ko mai rajista da hukumar TRCN. Kowa ma ya isa ya tsare aji muddin akwai allo mai magana. Nan ne sana'ar za ta zube, ko da ba a kori kowa ba.

Yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 kuwa ba tambaya kaɗai ke gare shi ba. Lokaci ne na balaga da ƙiriniya da jin kunya, lokacin da yarinya kan daina zuwa makaranta ba a san dalili ba sai malama ta bi sawu har gida. Na'ura tana amsa wa wanda ya tambaya. Wanda ya zauna a bencin baya ya yi shiru don bai gane ba, kuma yana tsoron dariya, sai mai ido ya gano shi.

Ga kuma ƙididdiga. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2024 ya nuna duniya na bukatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Inda ake fama da irin wannan ƙaranci, manhajar da za ta sauƙaƙa wa malami tsara darasi da shirya tambayoyin gwaji alheri ce. Sai dai wa zai ci ribar lokacin da aka rage? In an bar wa malami shi, zai zauna da yaran da ke baya. In kuwa hukuma ta ce tun da aiki ya yi sauƙi a haɗa masa aji biyu, to ya koma gidan jiya, har da ƙarin kaya. Wannan ita ce maganar da ta kamata ƙungiyar malamai ta NUT da kwalejojin horon malamai su zauna da ma'aikatun ilmi a kanta tun kafin a sa hannu a kwangilar sayen na'urori.