Kafin a ce batir ya mutu

Mai karatu, da zarar mota ta ƙi tashi da safe, hukuncin da akasarinmu ke yankewa ɗaya ne: batir ya mutu. Sai a ciri dubban nairori a sayo sabo, bayan mako guda a koma gidan jiya, domin ba can cutar take ba.

Alhali mota kan faɗi ciwonta ga mai sauraro. Idan aka murɗa makulli fitilun gaban direba suka dushe, aka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, wuta ce ta gaza. Kafin a zargi batir, a duba kawunansa, ko sun saki ko farin gari ya taru a kansu. Idan fitilu na nan garau amma aka ji ƙas sau ɗaya tak, a nemi sitata da wayoyinta. Idan kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir ya fita haƙƙinsa, sai a koma kan fis, famfon mai, kwayil da fulogi.

Mitar awon wuta ita ke raba gardama. Cikakken batir, inji na kashe, kan nuna bolt 12.6, idan bai kai 12 ba, ya zube. Inji na aiki kuwa, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In awo ya tsaya a 12, altaneta ce ba ta caji, kuma kowane batir aka ɗaura sai ta bar shi ya ƙare.

Akwai ɗabi'u biyu da ya wajaba masu gyaran wutar mota su bari. Ta farko, cire kan batir inji na aiki don gwada altaneta. Motocin yanzu na ɗauke da kwamfuta, kuma tashin wuta na ƙiftawar ido na iya ƙona ta. Ta biyu, ɗaura silin waya a madadin fis da ya ƙone. An yi fis ne don ya ƙone ya ceci sauran wayoyi. Wanda ya maye gurbinsa da waya gobara ya gayyato. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Saboda haka, duk mai gyaran da ya ce ka sayo kaya bai ɗora mita ba, ka tambaye shi abin da ya auna. Kuɗinka ne, kuma iyalinka ne za su shiga motar.