Ƙuri'ar da Hukuma Ba Ta Sani Ba: Ta Cancanci Shiga Kundin Sani?



Mu a nan, idan aka ce ƙuri'ar raba gardama, wadda ke fara zuwa zuciya ita ce ta watan Fabrairun 1961, lokacin da mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi shiga Najeriya, har aka samu lardin Sardauna. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta sa ido a kanta, don haka babu mai musun cewa ta cancanci muƙala a kundin sani irin Wikipedia. Amma yaya batun ƙuri'ar da wasu mutane suka shirya da kansu, ba da yawun hukuma ba, a wani lungu da ba a san shi ba?

Ra'ayina shi ne, amincewar hukuma ba ita ce ma'auni ba, haka ma yawan masu zaɓe. Ma'aunin shi ne: wa ya yi rubutu a kanta ban da masu shirya ta, kuma me ta haifar?

Mu ɗauki Arenys de Munt, wani ƙaramin gari a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen. Ranar 13 ga Satumba 2009 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a kan ɓallewar yankinsu. Kotu ta hana majalisar garin sa hannu a ciki, waɗanda suka fito ba su kai mutum 3,000 ba, kuma sakamakon bai ɗaure kowa ba. Wanda ya kalle ta a ranar zai iya cewa wasan yara ne. Amma manyan jaridun ƙasar sun bi ta, garuruwa fiye da 500 sun kwaikwaye ta, har birnin Basalona a 2011. Wannan hanyar ce ta kai ga ƙuri'ar 1 ga Oktoba 2017 da ta girgiza Sifen. Wanda ya goge muƙalar Arenys ya yanke wa labarin kai.

Sai kuma yankin Veneto na Italiya. A watan Maris 2014 wasu suka shirya ƙuri'ar ɓallewa ta intanet, suka ce mutum sama da miliyan 2 sun shiga, kashi 89 cikin 100 sun amince. Wasu jaridun Italiya da suka duba yawan masu ziyartar shafin sun ce lissafin bai kama hanyar gaskiya ba. Ita ma ta cancanci muƙala, domin an yi ta ce-ce-ku-ce a kanta. Sai dai marubuci ba zai rubuta cewa miliyan 2 sun yi zaɓe ba. Zai rubuta cewa masu shiryawa ne suka faɗi haka, ya kawo abin da masu musu suka ce. In ba haka ba, ya zama maroƙin gidan wasu, yana yi musu shela kyauta.

To wadda babu mai labarinta sai sanarwar masu ita da shafinsu na Facebook fa? Wannan ba ta kai ta samu muƙalar kanta ba. In akwai majiya ɗaya mai inganci, layi ɗaya ya ishe ta a cikin muƙalar garin. In babu, a jira. Kundin sani rumbu ne, ba a zuba masa hatsin da bai nuna ba.

Na san wani zai ce wannan doka tana cutar irinmu, tunda abubuwa da yawa suna faruwa a garuruwanmu ba tare da ɗan jarida ya leƙo ba. Gaskiya ne. Amma maganin ba shi ne a sassauta ma'auni har kowa ya shigo da farfagandarsa ba. Doka ba ta ce dole majiya ta zama da Turanci ba: rahoton Aminiya ko na sashen Hausa na BBC majiya ne. Gurbin da ya rage namu ne. Mu je mu tambayi waɗanda suka gani, mu rubuta a jarida da littafi, yadda mai rubuta kundin sani na gobe zai samu abin kafa hujja.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.