Cikin Sanƙarau Ya Fi Rigarsa Muhimmanci

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙura da zafi suka rufe Mayo-Oulo da ƙauyukanta, iyaye kan zauna cikin fargabar sanƙarau. Yankin yana cikin zirin da ya taso daga Senegal har Habasha, inda cutar ta fi yin ɓarna. Ƙwayar da ke haddasa ta, Neisseria meningitidis, tana da wata buƙata da ba kasafai ake zancenta ba, wato sinadarin ƙarfe.

Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 3 zuwa 4 na wannan sinadari, amma ba ya barinsa a sake. Mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke yawo a ruwan jini kuwa wani furotin mai suna tiransferin ne ke riƙe da shi gam. Ta haka jiki ke horar da baƙuwar ƙwaya da yunwa. Sai dai ƙwayar sanƙarau tana da furotin biyu a bayan fatarta, TbpA da TbpB. Na biyun yana cafke tiransferin mai ɗauke da kaya, na farkon ya ɓamɓare ƙarfen ya shigar da shi ciki. Tiransferin na ɗan Adam suke ganewa, ba na shanu ko awaki ba, abin da ya dace da kasancewar mutum kaɗai ne masaukin ƙwayar.

Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a arewacin Kamaru a 2011, ta karya lagon nau'in A. Amma rigar sukarin da ƙwayar ke sanye da ita allurar take koya wa jiki ganewa, kuma kowane nau'i da irin rigarsa. Tun a 2007 da 2008 reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa ya gano nau'in W a yankin. Nau'in C ya auka wa Nijar a 2015, sannan Zamfara da Sakkwato a 2017. Allurar da Nijeriya ta fara amfani da ita a 2024 ta haɗa nau'i 5, ci gaba ne babba, amma har yanzu riga ake bi.

Ƙwaya tana iya sauya riga, ba ta iya daina ci. Gaskiya ne furotin ɗin nan su ma suna bambanta daga wata ƙwaya zuwa wata, kuma har yau ba a sami allura daga gare su ba. Duk da haka nan ne rauninta yake. Ya wajaba gwamnatocin yankin su ɗauki nauyin tara samfurin ƙwayoyin da ake samu daga majinyatan Garwa, Marwa da Kano, a nazarci furotin ɗinsu a gida. Allurar da za ta kare yaron Mayo-Oulo sai ta san ƙwayar da ke makogwaron maƙwabcinsa.