Ashar ɗin yaro da laƙabin manya

A Tsauni, yaron da ke maimaita ashar a bainar jama'a bulala ke jiran sa, sannan laƙabi: mai iska, taɓaɓɓe. Alhali in otisim gare shi, lalurar da likita Leo Kanner ya bayyana a 1943, abin da kunnensa ya ji bakinsa ke maidowa, sau da yawa bai san nauyinsa ba. Daga bakin wa ya ɗauko? Tsawa da dariya ƙara ingiza shi suke. Gwamma a kau da kai, a koya masa kalmar da ta dace.

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Wajibin hukumomin Matamai ne su horar da malaman lakwal su gane waɗannan yara kafin a kai su wurin boka.